Wasiƙar Kirsimeti daga Manchester zuwa Wusasa

Zuwa ga Mama da dukan mutanen gida,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Barkanmu da Kirsimeti, barkanmu da ganin wannan rana. Ina fata kun tashi lafiya, kuma ƙafar nan ta bar ki kin je sujada yau. Mu nan duk lafiya lau, ni da Baban Abba da yara, sai godiya ga Ubangiji.

Bayan haka, Mama, da na kira da rana ba mu ji juna sosai ba. Ke kina magana, Goggo Asabe tana ƙwala wa yara kira, wani yana tambayar inda aka ajiye ludayi, ni kuma na yi shiru ina sauraron hayaniyar gidan kawai, don ita na fi kewa. Da wayar ta yanke ban sake kira ba, na san hannunki a cikin aiki yake. Shi ya sa na zauna yanzu da yara suka yi barci in rubuta, Rifkatu ta karanta miki a hankali idan baƙi sun watse.

Kirsimetin mutanen nan a ɗaka ake yin ta. Tun safe titi wayam, kantuna a rufe, jirgin ƙasa ba ya tafiya, kowa ya ja ƙofarsa da iyalinsa. Dusar ƙanƙarar da kuke gani a jikin katin gaisuwa ba mu gan ta ba, ruwa ne yake ta yayyafi, kuma kafin ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufa. Ƙarfe uku Sarki Charles ya yi jawabi a talabijin, yadda suka saba kowace shekara. Suna cin talo-talo da dankali da wani ƙanƙanin kabeji mai ɗaci, manya da yara kowa da hular takarda a kansa. Mun je majami'a da safe, an yi waƙoƙi masu daɗi, amma kafin jikina ya ɗauki ɗumi har an yi albarka an tashi. Babu Zumuntar Mata, babu tulu, babu guɗa, babu wanda ya taka rawa ya kai baiko. Na tuna ku a St. Bartholomew, kowa da sabon ɗinki, hazo ya lulluɓe Kufena, leɓuna duk sun tsage saboda hunturu amma ana ta dariya.

Na yi waina. Tun shekaranjiya na jiƙa shinkafa, na niƙa a injin kicin, na sa yis na ajiye ƙullun kusa da abin ɗumama ɗaki don ya tashi, tunda nan babu ranar da za a saka shi. Tandar ƙarfe ce da na samu a shagon wasu Indiyawa, ramukanta ƙanana, wainar tana fitowa dai, amma babu wannan baƙin-baƙin na gefe da ƙamshin hayaƙin da tandar ƙasarki take ba ta. Miyar taushe kuwa nan ne na ji zuciyata ta karye. Kabewa akwai, alayyahu akwai, gyaɗa akwai, ƙashin rago ma na samu wurin mahauci, amma yakuwa babu, kuma daddawar da kika ba ni ta ƙare tun damina. Na matsa lemun tsami don ya tsaya a madadin yakuwa. Baban Abba ya ci ya ce ta yi daɗi, Allah ya saka masa, amma ni da na san taki na san abin da ya ɓace.

Ba ma ɗanɗanon ne ya fi damuna ba. Na gama suya na tara waina cike da kwano, sai na tsaya ina kallonta, babu inda zan aika. A gida war haka an jera langa-langa a tsakar gida, kina tsaye kina nunawa: wannan na gidan Malam Sani, wannan na Hajiya Mairo, wannan na tsohuwar bayan asibiti, a tabbata an sa mata tsoka mai laushi don ba ta da haƙori. Mu kuma muna rige-rigen ɗaukar na gidan Alhaji saboda tukuicinsa ya fi tsoka. Ran Sallah kuma kwanukan nan su dawo mana da naman layya. Yarana ba su taɓa ɗora langa a ka sun tsallaka titi ba, ba su san daɗin a ce musu "a gaishe ta, an gode" a danƙa musu 'yan kuɗi a hannu ba.

To bari in ba ki labarin abin da ya ɗebe mana kewa, don shi ne ainihin abin da nake so ki ji. Mutanen nan suna da wata al'ada ta kallon katun a ranakun nan, kuma ba yara kaɗai ba. Tsofaffin labaransu na Kirsimeti ne aka zana aka mai da su fim, ana maimaita su kowace shekara, kaka da jika su zauna kujera ɗaya su kalla. Kin san ni ba mai sakin yara gaban talabijin ba ce, amma waɗannan na yarda da su, kuma ina da dalili.

Babbansu shi ne labarin wani marowaci mai suna Scrooge. Wani marubuci Charles Dickens ne ya fitar da shi a Landan ranar 19 ga Disamba 1843, kuma kafin jajiberen Kirsimeti bugun farko ya ƙare. Shi marubucin ya san talauci, yana ɗan shekara 12 aka kulle mahaifinsa saboda bashi, shi kuma aka tura shi aiki a masana'antar man goge takalmi. A labarin, Scrooge attajiri ne mai ba da bashi, yana biyan akawunsa sule 15 a mako, ga iyali, ga ƙaramin yaro gurgu mai dogara sanda, kuma ko gawayin jin ɗumi ba ya bari a ƙara a ofis. Daren jajibere sai fatalwar abokin cinikinsa da ya mutu ta zo masa tana jan sarƙa, an ɗaɗɗaura mata akwatunan kuɗi da makullai da littattafan lissafi, ta ce wannan sarƙar da hannunsa ya ƙera ta tun yana duniya. Daga nan ruhohi uku suka ɗauke shi, ɗaya ya nuna masa ƙuruciyarsa, ɗaya ya nuna masa yadda talakawa suke bikin yau da ɗan abin da suke da shi, na ukun bai ce uffan ba, ya dai nuna masa kabarinsa da babu mai kuka a kai. Gari na wayewa mutum ya tuba.

An yi fim ɗin labarin nan da mutane sau da yawa, na ga wasu, ba laifi. Amma fatalwar da mutum ya fito a matsayinta, ko ya aka yi masa kwalliya, yaro yana ganin mutum ne aka shafa wa farin abu. Mai zane kuwa ba abin da ya gagare shi. Yana iya sa ka hango bangon ɗaki ta cikin jikin fatalwa, ya ɗaga tsoho da rigar barcinsa ya bi da shi ta saman rufin gidaje, ya mai da fuska ɗaya yaro yanzu, anjima tsoho. Ido ba ya musu, domin tun farko an yarda duniyar zane ce. Ni abin ya yi mini kama da tatsuniyar marigayiya Kaka. Tana cewa "ga ta nan, ga ta nanku", mu ce "ta zo mu ji ta", shi ke nan an shiga wata duniya, ba mai tambayar ya aka yi Gizo ya yi magana da sarki. Kuma tsoron da ke ciki daidai ƙarfin yaro ne, Dodo ya razana ka amma kana jingine da cinyarta.

Wanda ya fi shiga raina shi ne na 1971, na wani mai zane Richard Williams. Bai kai rabin awa ba, ya kwaikwayi irin zanen tawada da ke cikin littafin na asali, duhu-duhu, har ya ci babbar kyautar Oscar. Akwai wurin da ruhu na biyu ya buɗe rigarsa, sai ga yara biyu a rakuɓe a ƙafarsa, ƙashi da fata, ido ya faɗa, ya ce namijin sunansa Jahilci, macen sunanta Rashi. Mijinki Abba ya yi tsit, can ya ce, "Mami, akwai irinsu da gaske?" Na ce akwai, a nan ma akwai, a gida ma akwai. Da wa'azi na zaunar da shi na yi masa a kan tausayin marasa shi, da tuni hankalinsa ya koma kan ƙwallo. Hoton nan kuwa har wurin wanka yana tambayata a kansa.

Kishiyarki ba ta iya wannan ba tukuna, ta ɓoye fuska a zanena. Ita nata shi ne na kamfanin Disney na 1983, inda agwagwa ce marowacin, ɓeran nan Mickey shi ne akawu, fatalwar kuma wani dogon kare ne mai tuntuɓe da sarƙarsa. Labarin dai shi ne, an rage masa yaji ne kawai. Wannan ma wata fa'ida ce da nake gani: labari ɗaya, an dafa shi daidai bakin 'yar shekara biyar, an dafa shi daidai na ɗan shekara tara, ranar da suka girma suka ɗauki littafin ba baƙo zai zame musu ba.

Da yamma muka sa mai tsawon, na 2009, wanda aka yi da kwamfuta. Gaskiya bai burge ni kamar na hannu ba. Fuskokin sun so su zama na mutane ba su kai ba, kuma an cusa wata doguwar tsere da dawakai wadda ba ta ƙara wa labarin komai. Amma ƙarshensa ne ya kama ni. Da marowacin ya farka ya ga bai mutu ba, sai ya leƙa ta taga ya kira wani yaro a titi, ya ce ya ruga ya kira mai sayar da kaji ya zo da ƙaton talo-talon nan da ke rataye, zai ba shi sule ɗaya, in kuwa ya dawo kafin minti biyar zai ba shi sule biyu da sisi. Aka ɗauki naman aka kai gidan akawu, ba a ma faɗi wanda ya aiko ba. Mama, aike ne da tukuici, irin namu sak, har da sule da sisinku na kafin naira! Ashe su ma sun san shi a da. Ban san hawaye ya zubo mini ba sai da kishiyarki ta sa hannu tana share mini, tana tambaya me ya sa aka ba yaron kuɗi. Nan na samu ƙofa. Na ba su labarin langa-langan tsakar gidanki, da gidan Alhaji, da ranar da kawunsu Bulus ya yi tuntuɓe da miya a ƙofar Hajiya Mairo ta sake zuba masa tata don kada ki yi masa faɗa.

Abba ya ce to mu ma mu kai mana. Na zuba waina a faranti biyu na rufe, suka sa rigunan sanyi, ni ina tsaye a bakin ƙofa ina kallonsu. Gidan dama ba a buɗe ba, ko ba sa nan ko ba su saba a ƙwanƙwasa musu ran biki ba. Gidan hagu wata 'yar Pakistan ce, Musulma, muna gaisawa sama-sama. Tana buɗewa ta gane, ba sai an yi mata bayani ba. Ta juye, ta cika farantin da dabino da wani zaƙi nasu na madara, ta ce wa yaran a wurinsu ma kwano ba ya komawa haka nan. Da kin ga yadda mijinki ya dawo yana taku, da kin yi dariya har kin riƙe ciki.

Akwai wani kuma da ya zame wa Ingila kamar dole, sunansa The Snowman, labarin yaron da ya gina mutum-mutumi da dusar ƙanƙara, cikin dare ya rayu ya kama hannunsa suka tashi sama. Raymond Briggs ne ya zana littafin a 1978, babu rubutu ko kalma ɗaya a ciki, aka mai da shi fim aka fara nunawa a tashar Channel 4 ranar 26 ga Disamba 1982. Minti 26 ne, da fensir mai kala aka yi shi, cikin labarin ba mai magana sai kiɗa da waƙa guda. A littafin ma babu zancen Kirsimeti, masu fim ne suka ƙara. Da safe rana ta fito, yaro ya ruga waje ya tarar abokinsa ya narke, sai hula da gyale a ƙasa, a haka aka tashi, ba a yi wa yara ƙaryar cewa ya dawo ba. Na girmama su da wannan. Ranar da na fara kallonsa da Abba, Baba ya faɗo masa a rai, ya ce shi ma Kaka haka ya tafi ba mu yi sallama ba, muka yi maganar da na daɗe ina neman yadda zan fara ta.

Jiya a wurin aiki, inda muke kula da tsofaffi, na ga abin da fim ɗin nan yake yi musu. Muna da wata tsohuwa da mantuwa ta ci ƙarfinta, 'yarta ta cikinta takan zo ta zauna ba ta gane ta ba, abinci ma sai an lallashe ta. Muka tura kekunansu falo aka kunna musu. Kiɗan tashin nan yana farawa sai ta ɗago kai, ta miƙa hannu ɗaya gefe kamar mai riƙe da yaro, leɓenta yana bin waƙar daga farko har ƙarshe ba ta ɓata ba. 'Yar tana gefe, ta kama hannun nan da aka miƙa, ta ce mini tun tana firamare suke kallonsa tare a kowace shekara. Ɗan wasa yakan tsufa, tufafin fim su zama na da har a riƙa dariya, amma zanen nan yadda ta gan shi da ƙuruciyar 'yarta haka yake jiya, ko layi ɗaya bai canja ba. Na ba ta shayinta bayan nan ta shanye tas.

Kada ki ce na yabe su duka. Da yawa daga cikin sababbin hayaniya ce da tallar kayan wasa, a ɗauki labarin da bai wuce minti ashirin ba a ja shi awa ɗaya da rabi don a sayar da tikiti. Akwai na wani ɗan baƙin ciki mai suna Grinch da ya sace wa gari guda kayan bikinsu, na 1966 gajere ne mai daɗi, Chuck Jones ya yi shi, wanda ya taɓa yin Tom da Jerry ɗin da su Bulus suke mutuwar so, kuma shi ya fara ba shi launin kore, a littafin ba kore ba ne. Waɗanda aka sake yi daga baya sun fi ƙyalli, amma ban ga abin da suka ƙara ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai kuma, yawancinsu ba sa ambaton wanda aka haifa. Kirki da kyauta da zumunci suna nan, komin dabbobi da makiyaya babu. Sai wani na Amurka na 1965 da na gani, inda wani ƙaramin yaro ya tsaya a dandamali ya karanto labarin makiyaya daga Luka sura 2. Don haka kafin su kwanta na buɗe Littafi na Hausa na karanta musu da kaina, Abba yana bi da yatsa yana tuntuɓe a kan ƙ da ɗ.

Ina kallon yadda suka adana nasu sai kishi ya kama ni. Yarana sun san Scrooge ciki da waje, amma Gizo da Ƙoƙi sai ɗan abin da na iya tunawa, kuma nakan kai tsakiya in rasa waƙar. Muna da masu zane, muna da masu fim cike da Kano da Kaduna da Jos. Me zai hana a zana mana Gizo da muryarsa ta tsamin baki, a zana Ta-kitse tana narkewa a rana, a sa a lokacin Sallah da Kirsimeti yara su taru su kalla? Kafin Allah ya kawo mai yi, ga roƙona, Mama. Ki sa Rifkatu ta ɗauki muryarki a WhatsApp kina yin tatsuniya, ko ɗaya a mako, da waƙoƙin da komai, har ƙurunƙus. Ki fara da ta Gizo da hankaki da ɓauren tsakiyar kogi. Kishiyarki tana son zane, ta ce ita za ta zana hotunan ta aiko miki ki gani ko ta yi daidai.

A gaishe mini da Goggo Asabe ƙwarai da gaske. A ce mata muryarta na fara ji yau a waya kuma ta yi mini magani, man zafin da ta ce in nemo na samu, yana cikin kayan da zan ba mai zuwa, kuma har yanzu ban ci cincin da ya kama ƙafar nata ba, ta daina cewa na manta da ita, wanda ya goya ka ba a manta shi. A gaida Kawu Yakubu da iyalinsa. A gaida Yaya Ishaya da Anti Saratu da yara. Bulus, na ji labarin babur, Allah ya tsare, ka riƙa sa hular kwano ko don Mama. Rifkatu ƙanwata, ke ce idona a gidan nan, na san nauyin da kike ɗauka, asibiti da kasuwa da girki da karatunki, ba na faɗa kullum amma ina gani, Ubangiji ya ba ki miji nagari da sakamako mai kyau, ki duba saƙonki na tura miki wani abu naki ke kaɗai, kada ki saka shi a cefane. A gaida Malam Sani da Hajiya Mairo, a ce mata yau na ba jikokinta labarin miyar Bulus, kuma ina yi mata ta'aziyyar yayarta, Allah ya jiƙanta. A gaida Baba Fasto da Mama Fasto, da dukan 'yan Zumunta, musamman Mama Talatu mai tulu, a ce ta buga ɗaya da sunana ran sabuwar shekara. Tsohuwar bayan asibiti in tana nan da rai a kai mata gaisuwata da 'yar tsoka. Sauran 'yan unguwa kowa da kowa ina gaisuwa.

Baban Abba yana gaishe ki da girmamawa, ya ce kuɗin maganin wata mai zuwa zai shigo kafin ƙarshen mako. Matar abokinsa za ta taso daga Kaduna tsakiyar Janairu, don Allah a shanya mini yakuwa tun yanzu ta bushe sosai, a haɗa da daddawa da kuka da ɗan yaji, a ɗaure a leda biyu saboda wari. Zan kira ran Lahadi ƙarfe biyar agogonku, bayan kin dawo daga taron mata, a sa wayar a caji.

Taki har kullum,
Ladi